Kafin ka sayi tsohon jirgin wasa na Thomas

Jiragen ƙasa na wasa na Thomas & Friends (shirin talabijin na yara) ba duka suke hawa layi ɗaya ba. Na katako masu haɗuwa da maganaɗisu suna tafiya a kan layin katako na kamfanin kayan wasa na Brio, amma samfurin TrackMaster mai batir layinsa na roba daban ne. Ko shi ma an sauya mahaɗin layinsa a 2014, tsoho da sabo ba sa haɗuwa sai da adafta.

In tsohon mai batir ne, fara buɗe gidan batir. Farin gari a jikin ƙarfen alama ce batir ya tsiyaye. Goge shi da auduga da ɗan ruwan khal. Gashin da ya naɗe a sandar da ke riƙe tayoyi shi ke rage gudu.

Lura sosai: a 2007 kamfanin RC2, mai ƙera su a lokacin, ya janye kimanin miliyan 1.5 na katako a Amurka saboda dalma a fenti. Kada yaro ya sa tsofaffin nan a baki.