Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Duk shekara in jigilar alhazai ta matso sai an yi wannan musun a majalisarmu ta bakin kasuwa, wani ya ce awa biyar wani ya rantse bakwai ne, kuma wallahi kowa da gaskiyarsa. Kano zuwa Jidda in jirgi ya miƙe sak kusan kilomita 3,400 ne, ko daga filin Malam Aminu Kano ya tashi ko na Dutse bambancin ba yawa, ya bi ta saman Chadi ya ratsa Sudan ya tsallake Bahar Maliya, a da awa huɗu da rabi zuwa biyar an sauka. To lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu sai jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Kuma wannan Sudan ɗin fa ita kakanninmu ke ratsawa a ƙasa, ta Maiduguri su shiga Chadi su faɗa Alfashir har Sawakin bakin teku, ana tafiya ana tsayawa a yi noma a tara guzuri, wasu shekaru suke yi, wasu ma can suka zauna, ga garin Mai Wurno can Sudan har yau.

Sai maganar agogo, nan ne ake ruɗewa. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, in jirgi ya tashi goma na dare ya yi awa biyar, mu nan uku na dare ne amma can biyar na asuba, sai alhaji ya kalli agogon filin jirgi ya ce ai awa bakwai muka yi a sama.

Ni dai abin da ya fi ci min rai shi ne halin da ƴan gida ke shiga. Bara na ga Inna maƙwabciyarmu zaune kan tabarma da waya a hannu tun asuba, ko kokon da aka kawo mata ba ta taɓa ba, tana ta aiken jikanta bayan gari inda ake samun sabis ya kira Malam da ya tafi aikin hajji, waya a kashe. Alhali lafiyarsa lau, yana layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsa, ga jiran jaka, ga bas zuwa Makka, in Madina za a wuce da su kuwa sama da kilomita 400 ne, kuma layinmu na nan ba kowanne ke aiki can ba sai ya sayi nasu.

Don Allah in naku zai tashi bana ku karɓi lambar jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku tun a sansani, ku kuma gaya wa tsofaffi tun wuri cewa ko an yini an kwana ba a ji shi ba, ba wani abu ba ne. Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya.