Kwalliyar Zuwa Asibiti

Maƙwabciyata baƙar fata ce, haifaffiyar Amurka, kaka da kakanni. Duk ranar da za ta ga likita sai ta yi shiga kamar mai zuwa ɗaurin aure: riga a goge, takalmi yana sheƙi, ga ɗan littafi a jaka wanda ta jera tambayoyinta a ciki. Na tsokane ta, na ce, "Anti, ko likitan nan saurayi ne?" Ta yi dariya, ta ce idan ta je a yamutse, kafin ta buɗe baki an gama yanke mata hukunci. Ba ita kaɗai ba ce. A binciken da cibiyar nazarin harkokin lafiya ta Amurka, KFF, ta fitar a 2023, baƙaƙen fata shida cikin goma sun ce sukan shirya wa wulaƙanci ko su kula sosai da shigarsu kafin su je asibiti, don dai a yi musu adalci.

Ni tafinta ce a asibiti a nan Amurka. Ina tsayawa tsakanin likita da majinyacin da ba ya jin Turanci, abin da wannan ya faɗa in mayar wa wancan, ba ƙari ba ragi. Mai wannan aiki yana ganin fuskokin duka biyun, kuma fuska ba ta buƙatar fassara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda mutane biyu masu launi ɗaya suke shiga ɗaki ɗaya da zuciya daban. Dattijan da suka zo daga Afirka da girmansu, da yawansu Bature suke so. Akwai wanda ya raɗa mini, "'Yata, ki ce a kawo babban likitan," alhali babbar likitar ce tsaye a gabansa, baƙar fata, shekarunta sun kai na ƙanwarsa. Na ce, "Baba, ai ita ce babbar." Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce to, Allah ya sa a dace. Shi kuwa baƙar fata haifaffen Amurka, sau da yawa ganin likita mai kama da shi ne yake sa kafaɗarsa ta sauka.

Wanda bai san tarihin ƙasar nan ba, sai ya ce wannan ɗari-ɗarin zargi ne kawai. A 1932 hukumar lafiyar gwamnatin Amurka ta fara wani bincike a Tuskegee, jihar Alabama, a kan maza baƙaƙe 600, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere. Ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, an ce musu "mummunan jini" ne. Ana son a ga yadda cutar take cin mutum idan an bar ta. Penisilin ya zama maganinta tun shekarun 1940, amma aka hana su. Sai a 1972, da jarida ta fallasa, aka tsayar. Shekara arba'in! Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a 1997, lokacin saura mutum takwas a raye. Akwai kuma Henrietta Lacks, wata baƙar fata majinyaciya, wadda aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a 1951 ba tare da saninta ba, duniya ta yi ta cin moriyarsu, iyalinta ba su ji labari ba sai bayan fiye da shekara ashirin.

Amma ina jin haushin yadda ake fakewa da Tuskegee, kamar duk matsalar tana kabari. Majinyatan da nake gani ba 1932 suke tunawa ba, zuwan da suka yi watan jiya suke tunawa. Ɗauki masu sikila. Ciwon ya taso, mutum yana murƙususu, ya san sunan maganin da yake yi masa aiki da yawan da ake ba shi, domin tun yana yaro yake fama. Wannan sanin nasa shi ne laifinsa: sai ka ga an kalli juna, an ɗauke shi ɗan ƙwaya. Na taɓa tsayawa kusa da wani saurayi da ya cije leɓe ya ƙi yin ihu, ya ce idan ya yi ihu za a ce wasan kwaikwayo yake yi, idan ya yi shiru a ce ciwon bai kai ba. Wanne zai zaɓa?

A 2016 masu bincike a Jami'ar Bajiniya sun tambayi farare ɗaliban likitanci da sababbin likitoci, kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, irin su wai fatarsa ta fi kauri. Kuɗi da suna ma ba sa fitar da mutum. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, bayan ta haihu a 2017, ta ji numfashinta yana sarƙewa, ta san gudan jini ne a huhu saboda ta taɓa yin sa, ta nemi hoto da maganin tsinka jini. Ba a ɗauki maganarta nan take ba, da aka yi hoton kuwa sai ga shi. A 2021, mata baƙaƙe kusan 70 cikin kowace haihuwa 100,000 suka rasu sanadin ciki ko haihuwa a Amurka, farare kuwa kusan 27. Har ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ya fi yin kuskure a fata mai duhu, yana nuna lafiya lau alhali iska ta yi ƙasa.

Binciken da ya fi burge ni a Oakland aka yi shi, a jihar Kalifoniya. An bi shagunan aski aka gayyato maza baƙaƙe fiye da 1,300 don duba lafiya kyauta. Da aka nuna musu hoton likita kawai, baƙi ne ko ba baƙi ba, gwaje-gwajen da suka zaɓa ba su bambanta ba. Sai bayan sun zauna sun yi hira ne waɗanda suka samu baƙin likita suka fi yarda a soki yatsarsu don gwajin suga da kitsen jini. Wato ba ganin fatar ba ne ya sa suka miƙa hannu, abin da ya gudana a hirar ne. Haka nake gani kullum. Akwai wata farar likita da majinyata baƙaƙe suke layi a kanta. Tana jawo kujera ta zauna, ta juya wa kwamfuta baya, ta bar mutum ya kai aya. Idan ina fassara, majinyacin take kallo, ba ni ba.

Ko da kowa zai so baƙin likita, ba za su isa ba. Baƙaƙe sun kai kashi 13 cikin ɗari na mutanen Amurka, amma a cikin likitoci ba su cika kashi 6 ba. Wannan ma yana da tushe: bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya tantance makarantun likitanci na ƙasar, biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙe suka rufe, aka bar Howard da Meharry. Matar da take neman baƙar likitar haihuwa a ƙaramin gari, sau da yawa sai ta yi doguwar tafiya da tsohon ciki, ko ta haƙura da wadda ta samu.