Kusar da ba a matsewa da ƙarfi

Na hau tsani da sufana a hannu, na ɗora ta a kan notin, na tokare ƙafa zan ja, sai na ji muryar dattijon daga ƙasa: "Ɗana, sauko da sufanar nan tukuna." Na sauko. Ya karɓe ta, ya ajiye a kan benci, ya buɗe littafin jirgin ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Notin da nake shirin yi wa ɗaurin goro, littafi ya ce a ɗaure shi kaɗan fiye da ɗaurin hannu, a zura masa fin ɗin da zai hana shi kwancewa, shi ke nan. Kuma wannan kusa guda ɗaya ita ce ke rataye da jirgin baki ɗaya, da injinsa da mutanen cikinsa, a duk tsawon lokacin da yake sama.

A garejin kawuna na tashi, inda ba a yarda noti ya ɗauru ba sai ya yi kuka. Daga baya na karanci gyaran jiragen sama, har aiki ya kai ni wani ƙaramin filin jirgi a kudancin Sifaniya, tsakiyar gonakin zaitun, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Kowa a rumfar gyaran jiragen yana kiran dattijon maestro, wato malam, ni ma haka nake kiransa. Aikinmu haɗawa da kula da jairo, ɗan jirgin nan mai kujera ɗaya ko biyu wanda in ka hango shi za ka ɗauka mai saukar ungulu ne.

Bambancinsu babba ne, kuma duk aikin ya rataya a kansa. A jirgi mai saukar ungulu inji ne ke juya babbar fankar da ke sama. A jairo kuwa injin yana juya farfela ce kawai, wadda ke tura jirgin gaba. Fankar sama iska ce ke juya ta: jirgi na tafiya, iska na shigowa ta ƙarƙashinta tana fita ta sama, fikafikan suna wulwulawa da kansu. Kafin tashi akwai ɗan abin da ke haɗa ta da inji ya kai ta wajen juyi 200 a minti, daga nan a sake ta. A sama takan yi juyi 300 zuwa 400. Ko inji ya mutu fankar ba ta tsayawa, jirgin zai sauko a hankali. Amma in fankar ce ta sami matsala, babu wani fiffike na biyu da za a dogara da shi.

Maestro yana alfahari da cewa ɗan ƙasarsu ne ya ƙirƙiro wannan jirgi. Juan de la Cierva ya yi ta gina samfura suna kifewa gefe tun kafin su bar ƙasa, domin fiffiken da ke tahowa gaba ya fi wanda ke komawa baya samun iska, sai ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Maganin da ya gano shi ne ya daina riƙe fikafikan gam, ya sa musu gaɓa su riƙa hawa da sauka. Da haka samfurinsa C.4 ya tashi a Getafe kusa da Madrid a watan Janairun 1923. A shekarun 1950 Igor Bensen a Amurka ya yaɗa tsari mai sauƙi wanda yawancin jairo ke bi har yau: fikafikai biyu a ɗaure jikin sanda ɗaya ta tsakiya, sandar kuma tana lilo a kan kusa ɗaya kamar ma'aunin 'yan koli. In wannan ya hau, wancan ya sauka. Kusar da na so in matse ita ce kusar lilon. Da na matse ta, da na hana fankar yin ainihin abin da Cierva ya sha wahala kafin ya gane. Tun ranar nake ɗora yatsa ɗaya a bakin fiffike in tura, in tabbatar yana lilo sumul, ba cijewa, ba kuma girgiɗi zuwa gefe.

Sauran kusoshin da ke haɗa fiffike da sandar tsakiya kuwa, su ana ɗaure su sosai, amma da sufana mai awo, zuwa adadin da littafi ya faɗa, bisa jerin da ya faɗa. Hannuna ya daɗe bai yarda da wannan ba. Ina jin sufanar ta yi ƙas, hannun yana so ya ƙara ɗan ja. Sau ɗaya na ƙara, maestro ya gani, ya sa na kwance kusar da notinta na jefa a kwandon shara. Kusar da aka ja fiye da ƙima ta riga ta miƙe, ido ba ya gani, kuma ba a mayar da ita. Haka notin da ke da roba a ciki, da fin ɗin da aka taɓa lanƙwasawa: sau ɗaya suke aiki.

Abin da ya sa na daina gardama a zuciyata lissafi ne da ya sa na yi da hannuna a bayan wata takarda. Fankar da ke gabanmu faɗinta mita 8.4 ne. In tana juyi 350 a minti, bakin fiffikenta yana gudun kusan kilomita 550 a awa. Giram 10 kacal da ya ƙaru a bakin fiffike ɗaya, a wannan gudun, yana fizgar fankar da ƙarfin da ya kusa kilo 6, kuma fizgar tana zagayawa kusan sau shida a kowace daƙiƙa. Shi kansa fiffiken yana jan kusoshinsa waje da ƙarfin tan da dama. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Digon fenti mai kauri, ruwan da ya shige cikin fiffike, kashin tsuntsu da ya bushe, duk suna shiga wannan lissafi.

Aikin da na fi ƙauna shi ne jan zare. Ana shimfiɗa fikafikan biyu a kan dawakan katako, wato 'yan bencina masu ƙafa huɗu, a zura kusoshi amma kada a matse. Sai a ja siririn zare daga alamar da ke bakin wannan fiffike zuwa takwararta a bakin wancan, fiye da mita takwas, a dubi inda zaren ya ratsa a tsakiya. Dole ya bi ta kan ɗigon da ke cibiyar sandar. In ya kauce, fiffike ɗaya ya ɗan yi gaba ko baya ke nan a cikin sararin da ramukan kusoshi suka bari. Sai ka je baki ka ɗan buga shi da tafin hannu, ka dawo ka duba, ka koma. Muna rufe ƙofar rumfa domin ko iska kaɗan tana kaɗa zaren. Wani lokaci awa guda na tafiya a haka, ba mai cewa uffan. Ka gama, ka matse kusoshi, ka sake jan zaren, domin matsewar kanta takan gusar da fiffiken. A zamanin da ake da na'urar auna girgiza ta lantarki, har yanzu ban ga abin da ya maye gurbin wannan zare a matakin farko ba, kuma ina ganin wanda ya tsallake shi ya tafi kai tsaye ga na'ura yana yi wa karkatacciyar fanka kwaskwarima ne kawai.

Girgiza iri biyu ce, kuma sai da na koyi rarrabe su kafin in amfani kowa. Akwai mai zuwa sau ɗaya a kowane juyi, wadda ke nuna nauyi bai daidaita ba, ko zare ya kauce, ko fikafikan ba sa bin sawu ɗaya. Wannan ana iya kashe ta. Akwai kuma mai zuwa sau biyu a juyi, wadda ɗabi'ar fanka mai fikafikai biyu ce. A sama fikafikan suna ɗagawa digiri biyu ko uku kamar bakin faifai, shi ya sa ake ɗora kusar lilo sama da sandar tsakiya, domin ta zo daidai da inda nauyin fankar ya koma. Wannan yana rage ta, ba ya kawar da ita. Wanda ya bi ta da ƙarin nauyi da washa-washa, wato 'yan zobban ƙarfe da ake zura wa kusa, zai ƙare da ɓata abin da yake daidai.

A kan girgiza na yi kuskuren da ya fi damuna. Mun sauke fankar wani jirgi don dubawa, ni na kwance, ni na mayar. Matuƙin ya yi zagaye ɗaya ya sauko ya ce sandar tuƙi tana kaɗawa a hannunsa fiye da da. Muka manna tef mai ƙyalli a bakin fikafikan, ja a ɗaya, fari a ɗaya, domin a ga ko ɗaya yana bi ta sama da ɗan'uwansa. Na ga kamar akwai ɗan bambanci, na sa siririn falle na gyara kusurwar fiffike ɗaya. A lokaci guda kuma na ƙara 'yar washa don nauyi, ina ganin zan rage mana wahala. Girgizar ta ƙaru. Yanzu ban san wanne cikin biyun ya ƙara ta ba, ban kuma san abin da ya kawo ta tun farko ba.

Maestro bai ɗaga murya ba. Ya ce in mayar da komai yadda yake da safe, sa'annan ya tambaye ni: "Washoshin gefen lilo, da ka cire su, ka yi musu alama?" Ban yi ba. Siraran washoshi ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe, su ne ke tsayar da fankar daidai a cibiyar turken da take zaune a kansa. A ido iri ɗaya ne. Muka auna su, kaurinsu ya bambanta da abin da bai kai rabin milimita ba. Na musanya musu gefe, fankar gaba ɗayanta ta gusa daga cibiya. Na ji nauyin faɗin "ban yi ba" a gaban matuƙin, amma da na ce na yi, da mun kwana muna neman cuta a inda babu ita, kuma da mutum ya sake tashi da fankar da ni kaɗai na san abin da ke damunta. Muka mayar da su, girgizar ta kwanta. Tun daga nan duk abin da zan cire sai na ɗiga masa alama, kuma abu ɗaya nake canzawa, a tashi a gwada, in rubuta, kafin in taɓa na biyu.

Kulawar yau da kullum ba ta da wani armashi. Giris a kusar lilo bayan 'yan awoyin tashi. Juya babban boris da hannu, kunne a kusa, a ji ko yana gurza. Wanke fikafikai da ruwa da sabulu mara ƙarfi, domin ƙwarin da suka bushe a goshin fiffike suna rage masa kama iska. Ɗigon fenti a kan kowane noti, in layin ya tsage ka san notin ya motsa. Ina kuma duba matokaran lilo. In matuƙi ya yi gaggawar gudu a kan titi alhali fankar ba ta kai juyinta ba, fikafikan sukan yi lilo fiye da ƙima su daki matokaran, har ma su sari wutsiyar jirgin. Ba kowane matuƙi ne zai gaya maka hakan ta faru ba, amma tabon yana nan a jikin ƙarfe. Sai kuma littafi: fikafikan alminiyam suna da adadin awoyin da maƙeri ya yanka musu, in sun cika an gama da su ko da suna sheƙi, domin alminiyam yana tara gajiya a ɓoye. Fankar da ba a san awoyinta ba, ba na sa hannuna a takardarta.

Wani manomi ya kawo mana jirgin da ya haɗa da kansa, da fikafikan da ya saya na hannu. Ina shafa su da tsumma sai na ga ɗan baƙin gari, kamar toka, ya zana siririn layi daga ƙarƙashin kan kusa ta can waje. Wannan gari alama ce ta ƙarfe biyu suna goga juna a inda bai kamata su motsa ba. Na kwance, na goge wurin, na haska tocila a kaikaice, na ɗora madubin ƙara girma. Daga bakin ramin kusar wani layi ya fita, bai fi gashin kai kauri ba, tsawonsa bai kai farce ba. Na kira maestro. Ya duba ya daɗe, ya fesa jan ruwan nan mai shiga tsaga, muka goge, muka fesa farar hoda. Layin ya fito ja jawur.

Manomin ya roƙa. Ya ce kuɗin sabuwar fanka ya fi ƙarfinsa a bana, ya tambaya ko za a iya huda ƙarshen tsagar a tsayar da ita kamar yadda ake yi wa falle. Na tausaya masa ƙwarai, domin na san abin da mutum ke ji in ya zuba shekaru a kan abu. Maestro ya dube ni, ya bar mini amsar. Na ce masa wurin nan ne ke ɗauke da dukan jan fiffiken, ba a yi masa faci, kuma fikafikan nan tagwaye ne, in ɗaya ya tafi sai a canza duka biyun. Ya yi shiru, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da ya amince, maestro ya miƙo mini zarto ya ce in yanke fiffiken daidai kan ramin, kada wata rana wani ya tsince shi ya ɗaura. Da guntun ya faɗi ƙasa na ɗauka na juya shi wajen haske. Ta ciki tsagar ta riga ta ci fiye da ninki biyu na abin da muka gani a waje. Na miƙa wa manomin, ya juya ta a hannunsa, ya sa a aljihun rigarsa.