Tallan Google ko gyaran shafi: fara da lissafin riba

Mutum ya ɗauki wayarsa a Kano ya rubuta "solar inverter price in Kano" a Google. Abin da zai fara cin karo da shi a sama sakamako ne masu ɗauke da alamar talla, waɗanda aka biya kuɗi don su fito. A ƙasansu sau da yawa akwai taswira da shaguna uku. Can ƙasa kuma sai jerin shafukan da Google ya zaɓo da kansa, ba wanda ya ba shi ko kwabo. Wurin sama saye ake yi, ta Google Ads. Biyun ƙasa kuwa aiki ne ke kai mutum, aikin da ake kira SEO, wato gyara shafi da rubutunsa har injin bincike ya ga ya cancanci a nuna shi.

Ana yawan cewa ɗaya na kuɗi ne, ɗaya kyauta. Babu na kyauta a ciki. Talla kamar noman rani ne da injin ban ruwa: ka tayar da inji yau, ruwa ya kwarara yau, fetur ya ƙare komai ya tsaya cak. Gyaran shafi kuwa dashen mangwaro ne, kana ta bayi wata da watanni ba ka ga ko fure ba. Google da kansa ya ce yawanci sai an yi wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin aikin. Mai kayan da za su lalace, ko mai kayan sallah da ya rage mako uku, ba shi da wannan lokacin.

Abin da zai raba gardama shi ne lissafi, kuma ba ya bukatar kwamfuta. A ƙaddara duk wanda ya danna tallanka za a caje ka naira 200. A ƙaddara kuma cikin mutum 100 da suka shigo, biyar ne za su yi maka magana ta WhatsApp, ɗaya ne zai saya. Ka ga ke nan kowane mai saye ya tsaya maka a kan naira 20,000. Idan kayan sola kake haɗawa, faranti da batir da inbata, ribarka a aiki ɗaya naira 150,000, to ka ci riba mai kauri, ka ƙara kuɗin talla ma. Idan kuwa kwalbar turare kake sayarwa, ribarka naira 2,000, ka yi asarar 18,000 a kan kowane ciniki, kuma duk yadda aka iya tsara tallan ba zai cike wannan ramin ba. Waɗannan alƙaluman misali ne, kai za ka sa naka. Ƙa'idar dai ita ce ka ɗauki ribar ciniki ɗaya ka raba da yawan mutanen da sai sun shigo kafin ɗaya ya saya. Abin da ya fito shi ne iyakar abin da za ka iya biya a dannawa ɗaya. Ga mai sola naira 1,500 ne, ga mai turare naira 20. Abu ɗaya ne ke sauya lissafin mai turare: idan wadda ta saya sau ɗaya takan dawo duk wata, to ribar shekara za ka ƙirga, ba ta kwalba ɗaya ba.

Wurin talla gwanjo ake yi a kansa duk lokacin da wani ya yi bincike, amma ba lallai wanda ya fi taya kuɗi ne ke hawa sama ba. Google yana haɗa tayinka da ingancin tallan, yana kuma nuna maka maki daga 1 zuwa 10 a kan kowace kalmar bincike da ka zaɓa tallanka ya fito a kanta. Abu uku yake dubawa: yiwuwar a danna tallan, dacewarsa da abin da aka nema, da kyan shafin da mutum zai sauka a kai. Wanda ya nemi farashin inbata, ka kai shi shafin farko mai tarihin kamfani da hoton manaja, zai fita nan take. Ka biya kuɗin dannawar, kuma idan aka ci gaba a haka makinka ƙasa zai yi. Shi ya sa gyaran shafi ke zuwa gaba ko da talla ka zaɓa.

Yawancin kuɗin da sababbi ke asara a ranar buɗe asusu suke zubewa, a wuraren da ba su kula ba. Nau'in kuɗi da agogon ƙasa da ka zaɓa ba sa canzuwa daga baya, sai dai ka buɗe wani asusun. Wajen tsara tallan bincike akwai akwatin da ke haɗa ka da tallan hotuna a shafukan wasu da manhajojin waya. Cire masa alama, domin can yatsa kan taɓa talla bisa kuskure. Wajen zaɓen gari, idan ka sa Kano ka wuce, za a nuna tallan har ga wanda ke wata ƙasa muddin ya nuna sha'awar Kano. Canja shi zuwa waɗanda ke cikin garin kawai. Kasafin yini ma yana da sharaɗi. Idan ka sa naira 5,000, Google na iya kashe har ninki biyu a rana ɗaya, sai dai a wata ba zai wuce kasafin yini sau 30.4 ba, wato naira 152,000. Kada ka firgita ka kashe tallan don ka ga 9,000 ta fita ranar Litinin.

Babbar ɓaraka kuwa a kalmomi take. Akwai daidaito iri uku tsakanin kalmar da ka zaɓa da abin da mutum ya rubuta: mai faɗi, na jimla (binciken da ya ƙunshi ma'anar jimlarka), da na takamaimai (binciken da ma'anarsa ɗaya da ta kalmarka). Mai faɗi yana ba Google damar nuna ka ga duk binciken da yake ganin yana da dangantaka. Ka sa "solar" kawai, sai ka tarar kana biyan kuɗin ɗalibin da ke neman bayanin duniyoyin da ke kewaya rana, da mai neman aiki, da mai son koyon haɗa sola kyauta. Da ƙaramin kasafi, fara da na jimla da na takamaimai, kalmomi goma zuwa ashirin, irin waɗanda mai kuɗi a hannu ke rubutawa: farashi, sunan kaya, girman batir, sunan gari. Duk bayan kwana biyu ko uku ka buɗe rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta, ka tsince marasa amfani irin su "free", "jobs", "training", "pdf", ka zuba su cikin jerin kalmomin da aka hana. Kuma kada ka kunna talla sai ka sa abin ƙirga sakamako a kan maɓallin kira da na WhatsApp, in ba haka ba dannawa kawai za ka gani, ba za ka san wace kalma ce ta kawo ciniki ba.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke karɓa, don haka tallan da aka rubuta da Hausa zalla ana iya ƙin amincewa da shi. Mai talla a Kano ko Kaduna da Turanci zai rubuta, na Maraɗi ko Damagaram da Faransanci. A ɓangaren sakamakon da ba a biya ba kuwa ƙofa a buɗe take, kuma filin kusan babu kowa. Tambayoyi irin su yadda ake gane batir na jabu, ko faranti nawa ke ɗaukar firiza, ba kasafai ake samun cikakkiyar amsarsu da Hausa ba. A nan ɗan kasuwa mai sanin sana'arsa ya fi manyan kamfanonin Legas dama, abin takaici ne a bar ta ta wuce. Masu bincike da Hausa ba su kai na Turanci yawa ba, gaskiya ne, amma wanda ya sami amsa da harshensa daga wurinka ya riga ya fara yarda da kai. Ka tuna kuma yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya, "kudi" suke rubutawa ba "kuɗi" ba, don haka ka gwada binciken duka biyun ka ga ko shafinka na fitowa.

Aikin gyaran shafi ga mai shago daga taswira yake farawa. Buɗe Google Business Profile, wato rajistar shagonka a taswirar Google, kyauta ne. Sa sunan shago kamar yadda yake a allo, kada ka cusa masa kalmomi, don hakan na jawo a dakatar da shi. Zaɓi rukunin sana'a daidai, sa lambar da ake ɗauka, lokacin buɗewa da rufewa har da na Juma'a, hotuna na gaske na cikin shago, kuma ka dasa alamar a daidai ƙofar, musamman a wuri irin kasuwar Sabon Gari inda layi ɗaya ke ɓatar da baƙo. Duk wanda ka gama wa aiki ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa a nan take, kafin ya bar shagon. Kada ka sayi ra'ayin ƙarya.

Sannan shafin kansa. Kowane kaya ko aiki ya sami shafinsa daban, take gajere da bai wuce haruffa kamar 60 ba, ɗauke da sunan kayan da garin. Rubuta farashi ko aƙalla daga nawa zuwa nawa, da ranar da aka sabunta shi, tunda kayan da ke bin dala ba sa zama wuri ɗaya. Rage nauyin hotuna. Hoton da aka ɗora kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai megabait huɗu ko biyar, mai ƙaramar data ba zai jira ba. Mizanin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma sigar waya yake dubawa. Haɗa shafin da Google Search Console, shi ma kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da ake ganinka da su da shafukan da ba su shiga rumbun Google ba.

Duk wanda ya ce zai kai ka lamba ɗaya cikin mako biyu, riƙe kuɗinka. Abin da irinsu ke yi shi ne sayo ɗaruruwan mahaɗai, wato link masu kai mutum shafinka, daga shafukan banza, dabarar da Google ya fara murƙushewa tun 2012. Wanda za ka ɗauka aiki, ko na talla ko na gyara, asusun ya kasance da sunanka da imel ɗinka, kai za ka ba shi izinin shiga. Da yawa sun rabu da ma'aikaci, suka wayi gari ba su da iko da shafinsu.

A ganina, mai riba mai kauri da mai aikin gaggawa, kamar gyaran janareto, haƙar rijiyar burtsatse ko hayar mota, su fara da talla. Mai ƙaramar riba ya kama taswira da rubutu, ya bar gwanjo. Wanda kayansa sai an gani ake sha'awa, irin atamfa da leshi na Kantin Kwari, ya fara duba ko ana neman su a Google ma, domin cinikinsu ya fi tafiya a Instagram da Facebook da TikTok. Mai halin haɗa biyun kuwa ya yi talla na wata ɗaya a matsayin gwaji. Da kasafin nan na naira 152,000 a kan 200, zai sami dannawa kusan 760, sun isa su nuna kalmomi uku ko huɗu da ke kawo kira. Waɗannan zai rubuta wa shafuka masu cikakken bayani. Idan Search Console ya nuna ɗayansu ya zauna daram a sahun farko, sai ya rage tayinsa a kan kalmar da rabi, ya ƙirga kiran mako biyu. Kiran bai ragu ba, ya mayar da kuɗin kan kalmar da har yanzu ke shafi na biyu na sakamakon Google.