Wasiƙa daga Amurka: bayan ɗan kwana-kwana da bayan ɗan dako

Assalamu alaikum jama'ar gida, iyaye da yayye da ƙanne, mutanen Ringim da Taura da ƙauyukan bakin kogi. Ina gajiya, yaya aikin rani? Da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Mu a nan sai godiyar Allah.

A jami'ar garin da nake zaune, wasu ɗaliban injiniya 'yan ajin ƙarshe sun ɗauki ciwon bayan 'yan kwana-kwana a matsayin aikin kammala karatunsu. Suna ƙera wani sulke da ake ɗaurawa daga kafaɗa zuwa cinya, domin ya karɓi wani kaso na nauyin da ke sauka a ƙugu idan mutum ya sunkuya zai ɗaga kaya. Na leƙa ɗakin aikinsu, kuma tun daga ranar tunanina yake komawa kasuwannin Dawanau da Gujungu.

Mutum zai zaci wuta ce ta fi raunata ɗan kwana-kwana. Rahotannin shekara-shekara na NFPA, ƙungiyar da ke tattara alƙaluman gobara a ƙasar nan, suna nuna cewa targaɗe da ciwon tsoka sun fi ƙuna yawa nesa ba kusa ba. Dalili a fili yake. Riga da wando masu kauri, takalmi, hular kwano da tukunyar iskar numfashi da yake goyawa kan kai kilo 20 zuwa 30, tun kafin ya taɓa mesa ko tsani. Sannan a nan 'yan kwana-kwana ba gobara kaɗai ake kira musu ba. Kusan kashi biyu cikin uku na kiran da suke amsawa na rashin lafiya ne: tsoho ya faɗi a banɗaki, ko mai ƙiba ya some a bene, dole a ɗauko shi ta matsattsen mataki, a sunkuye, a karkace. A irin wannan ɗauka ne baya ke tafiya.

Wani daga cikin yaran ya yi min bayani da alli, ni kuma jigo na gani a zuciyata, irin wanda kakanninmu ke ban ruwan lambu da shi. Ƙasan ƙashin baya shi ne gwafar da sandar ke juyawa a kai. Kayan da ke hannunka suna can ƙarshen dogon ɓangare, kamar santimita 50 daga ƙugu. Tsokokin baya kuwa suna riƙe da guntun ɓangare, santimita 5 kacal. Saboda haka in ka ɗaga kilo 20 nesa da jiki, sai tsokar ta ja da ƙarfin da ya kai kusan kilo 200, ban da nauyin ƙirjinka da kanka. Duk wannan matsi yana ƙarewa ne a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya na can ƙasa. Yau da gobe sai faifan ya saki, ya turo, ya danne jijiya, ciwo ya gangaro har ɗan yatsan ƙafa.

Sulken nasu babu inji babu batir. Maɗaurai ne a kafaɗa da cinya, sai roba mai ƙarfi da ta bi gadon baya ta haɗa su. Ka sunkuya, robar ta miƙe ta tara ƙarfi. Ka zo tashi, ta mayar maka. Da yake tana waje da jiki, nesa da ƙashin baya fiye da tsoka, ɗan jan da take yi yana da tasiri. A kan teburinsu na ga keken ɗinki, tarin maɗaurai da aka yanka aka watsar, da mutum-mutumi mai nauyin ƙato da suke ja a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya tuɓe riga, an manna masa wayoyi a ƙugu, yana ɗaga akwati yana ajiyewa, layin da ke nuna aikin tsokarsa yana hawa da sauka a fuskar kwamfuta.

Wahalar aikin ba a robar take ba. Bayan ɗan kwana-kwana ya riga ya sami mai shi, wato tukunyar iska, to ina sulken zai zauna? Dole kada ya narke a zafi, kada ya maƙale da waya ko ƙusa a gida mai hayaƙi, kada ya hana rarrafe. Ana horar da su shirya jikinsu tsaf cikin minti ɗaya zuwa biyu, duk abin da zai ƙara musu lokaci a kabad zai ƙare. Shi ya sa yaran suka fi cin lokaci a tashar kashe gobara suna sauraron ƙorafi fiye da gaban allo, kuma wannan ne ya fi burge ni.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarun 1960 kamfanin General Electric ya ƙera wani dodon sulken ƙarfe mai suna Hardiman, nauyinsa kusan kilo 680, bai taɓa yin aiki yadda ake so ba. A Japan, inda tsofaffi suka yi yawa masu jinya kuma suka yi kaɗan, Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya fito da wani sulke mai suna HAL, mai inji da batir. Akwai kuma Muscle Suit na kamfanin Innophys, wanda ake hura wa iska da famfon hannu. A nan Amurka, binciken Karl Zelik na Jami'ar Vanderbilt ya haifi wata rigar roba da ba ta kai kilo 2 ba. Gwaje-gwajen da aka yi kan irin marasa injin nan sun nuna aikin tsokar baya na raguwa da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari, duk da cewa masana na jan kunne cewa wannan ba ya nufin an tabbatar za su hana rauni a tsawon shekaru.

To mu dawo gida. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata a ɗaga, shi ma in kayan na kusa da jiki, ba a murɗe ƙugu ba. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. Buhun siminti da na taki kilo 50 ne. Buhun masara ko gero da ake lodi a Dawanau kilo 100 ne, wani ma an yi masa toliya. Mutum biyu su ɗora wa ɗan dako a wuya, ya taka katako da sassarfa ya hau tirela, ya dawo, tun safe har la'asar. Mai ga-ruwa da kurarsa, mata masu dashen shinkafa a Kura da Auyo, mai tsinkar tumatur a Kadawa, duk a duƙe suke neman abinci. Su kansu 'yan kwana-kwanan Kano, ban da gobarar kasuwa irin ta Sabon Gari a 2016, sau nawa muke jin sun shiga rijiya ko kududdufi sun ciro mutum da igiya da ƙarfin ƙugu?

Idan bayan ya riƙe, sai mu ce basir ne, ko sanyi, ko girma ya zo. A je kemis a karɓo haɗi, wani ya faɗa wa tiramol don ya iya fita gobe. Magungunan kashe ciwo irin diklofenak, in an daɗe ana sha ba ƙa'ida, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane. Mu dai ba mu taɓa ɗaukarsa matsalar da ake auna ta a nemo mata dabara ba.

Ba ina cewa a yo odar sulke daga Amurka ba ne. Kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan dako, kuma ko kyauta aka ba shi, rage kashi 30 daga wahalar buhu mai kilo 100 bai mayar da shi abin ɗauka ba. Maganin wannan buhun shi ne a raba shi biyu, a yi dandamalin lodi daidai da tsayin mota, a sa baro da kura. Amma a nan akwai ƙulli: da buhu ake biyan ɗan dako. In an raba buhu aka raba kuɗin, zirga-zirgarsa ta ninku a banza, shi zai fara ƙin tsarin. Sai shugabannin kasuwa da ƙungiyar 'yan dako da dillalai sun zauna sun tsayar da farashi, kuma wannan ba aikin injiniya ba ne.

Inda nake ganin sulken roba zai yi rana shi ne aikin doguwar sunkuyawa: dashe, noman fartanya, wanki, shara da guntuwar tsintsiya. Kayan haɗa shi ba su gagari Kano ba. Muna da teloli, da dukawa, da masu walda, da robar cikin taya. Abin da babu shi ne awo. Ƙannena da ke karatun injiniya a BUK da Wudil da Kazaure da Babura, ga aikin kammala karatu a ƙofar gidanku. Ku nemi masu gashin ƙashi na asibitin Dala su nuna muku inda ya kamata maɗauri ya zauna da inda zai cutar. Ku gwada shi a fadama cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin abin da ya yi daɗi a ɗakin sanyi na iya saɓule wa manomi fata kafin azahar. Ku tambayi matan ko zai shiga ƙarƙashin hijabi, kuma nawa za su iya biya. In sun ce ba sa so, ku rubuta dalilin, shi ma sakamako ne.

Kafin nan, baffannina da kawunnaina masu fama da ƙugu: duk wanda ciwon ya gangaro masa ƙafa har ta fara mutuwa ko ja, ko ya ga fitsari ko bayan gida na kufce masa, kada ya tsaya jiƙo ko ɗori, a kai shi asibiti a ranar.

A gaida mai gari da liman, a shafa min kan yara.

Naku,
ɗan uwanku a Amurka