Asabar, wajen masu fulawa

Ruwa ya zauna, ƙasa ta yi laushi, yau na leƙa masu fulawa na bakin titi neman shuke-shuke shida da za su zauna dunƙule kamar ƙwallo a gefen hanyar shiga gida, ba sa kaɗe ganye ko da hunturu.

Mai sayarwa ya fara turo duranta, wadda suke kira yalo bush. "Alhaji, wannan ba ta mutuwa." Gaskiya ne, kuma ga araha. Sai dai da damina in ta yi mako uku ba ta ga almakashi ba ta watse, ga 'ya'yanta masu launin ruwan lemo da ke jan idon yara, alhali guba ne. Fikus, dangin cediya, ya fi kowa kyau in an aske shi, amma saiwarsa na bin danshi har cikin sokawe da bututu. A babbar tukunya kawai na yarda da shi.

Ikzora gajeriya na ɗauka, mai ƙananan ganye. Girmanta a hankali ne, ita da kanta take dunƙulewa, aski biyu ko uku ya ishe ta a shekara. Aibinta ɗaya: ba ta shiri da siminti. In aka dasa ta jikin katanga ko kan ɓaraguzan gini, sabon ganye sai ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, don ƙasar ta hana ta shan sinadarin ƙarfe. Shi ya sa na ja ramukan santimita 60 daga katanga, na kwashe ɓaraguzan.

Wajen zaɓe ba tsawo ake dubawa ba, gindi ake dubawa. Wadda ta yi rassa huɗu ko biyar tun daga ƙasa ita ce za ta cika. Mai kara ɗaya dogo ko shekara aka yi ana aski ƙasanta fayau zai zauna. Na ɗaga kowace leda, na ƙi ɗaukar biyu da saiwarsu ta huda ledar ta kama ƙasa, don irin waɗannan kan yi yaushi bayan dashe.

Rami ninki biyu na faɗin leda, zurfi daidai da ita, tazara santimita 80. Kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu, kashi uku ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kafin magariba huɗu sun shiga ƙasa, kowace ta sha rabin bokiti. Sauran biyun sai gobe.