Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Cokali Uku na Kunu

Makon jiya mun tsaya a inda aka kwantar da ni a ɗakin maza, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sai da ƙyar.

Kwana tara ban sa komai a baka ba. Roba aka zura mini ta hanci har ciki, babban ɗana yana ɗura madara da tataccen kunu da sirinji. Cikin yana cika, amma rai bai san an ci ba. Da La'asar ta yi sai 'yan dubiya su shigo da kuloli, ƙamshin miyar kuka da daddawa ya game ɗakin, ni kuwa ina kwance miyau na dalala ta gefen da ba na ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Yayata ta zo daga ƙauye da 'yar gorar zamzam, ta tallafo kaina tana cewa, "Kurɓi kaɗan, ɗan'uwana, waraka ce." Kurɓa ɗaya na ƙware, na yi ta tari har idanuna suka firfito. Nas ta taho da gudu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Hajiya, ku jiƙa auduga ku shafa masa a leɓe." Ta bayyana mana cewa ciwon yana kashe ƙarfin haɗiya, ruwa kuma ya fi komai saurin gangarawa, kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska ya riga ya faɗa huhu. Daga nan sai zazzaɓi da namoniya. Wani ma ko tari ba ya yi, shiru abin yake shiga. Yayata ta koma bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Har yau ina jin tausayinta, ƙauna ce ta kawo ta.

Ran da aka gwada ni da kunu mai kauri, an tayar da ni zaune cak, matashi biyu a baya, haɓa ƙasa. Rabin cokali, in haɗiye sau biyu, ɗana ya leƙa kuncin dama ko wani abu ya maƙale. Cokali uku muka yi, gumi ya jiƙa mini riga. Aka hana ni kwanciya sai bayan rabin awa.

Sai batun hannu. Shekara 58 ban taɓa kai loma da hagu ba, ni da nake tsawata wa yara a kan haka. Na ƙi karɓar cokalin. Dattijon da ke gadon kusa da ni, wanda hannunsa ke karkarwa har shayi na zuba a kan zanin gado, ya ce, "Malam, lalura ce. Yi bisimilla ka ci."

Na karɓa da hagu. Rabin kunun ya zube a ƙirjina, rabi ya shiga.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka zare robar.